Kwana goma kafin kasuwa ta juya na sayar da hannun jarina

Sama da shekara ashirin ke nan ina zuba kuɗi a hannun jari, kuma duk kurakuraina in an tara su ba su kai tsadar abin da na yi a rana ɗaya ba: 27 ga Fabrairu 2009.

Tsarina tun farko mai sauƙi ne. Asusun da ke bin ma'aunin S&P 500 nake saya, wato manyan kamfanonin Amurka 500 a dunƙule. Duk wata, da albashi ya shigo, wani kaso ya wuce can ba tare da na duba farashi ba, ribar da kamfanoni ke rabawa kuma a sake zuba ta ciki. Wannan ɓangaren lafiya lau ya tafi.

A 9 ga Oktoba 2007 ma'aunin ya kai 1,565, daga nan ya kama gangara. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe a 15 ga Satumba 2008, gangara ta koma faɗuwa. Wata goma sha shida ina cijewa. Da ma'aunin ya sauko 735 sai na sayar da komai. Ranar 9 ga Maris ya tsaya a 676, ya juya, bai sake ganin wannan wurin ba har yau. Kwana goma kacal.

Na daɗe ina cewa tsoro ne ya kayar da ni, amma tsoron yana da tushe. Kuɗin ko-ta-kwana da nake da shi a lokacin bai wuce na wata ɗaya ba, ga shi ana ta sallamar ma'aikata. Wanda ba shi da ajiya a gefe, jarinsa shi ne abincinsa na gobe, kuma ba mai iya zuba ido yana kallon abincinsa ya ragu da rabi. Ƙari a kan haka, kullum sai na buɗe asusun sau uku ko huɗu, kamar mai sosa gyambo.

Abin da ba a faya faɗa ba shi ne, mai sayarwa don gudun faɗuwa sai ya dace sau biyu: ranar fita da ranar komawa. Ta biyun ta fi wuya nesa ba kusa ba. Da ma'aunin ya kai 900 na ce tashin ƙarya ne. A 1,100 na ce bari ya ɗan sauko. A farkon Oktoban 2011 ya sauko ɗin, har 1,099, ban saya ba, don zuciyata ta maƙale a 735, ba na son in saya da tsada abin da na sayar da araha. Sai Janairun 2013 na haƙura na koma, a wajen 1,500.

Ga lissafin da har yanzu yake ci mini rai. A ce kaso 1,000 na sayar a 735. Kuɗin nan a 1,500 kaso 490 kawai suke saya. Kaso 510 sun tafi ke nan, ban da rabon ribar kusan shekara huɗu da ya wuce ni, ban da la'adar dillali fita da shiga, ban da abin da hauhawar farashi ya gutsura a tsabar kuɗin da ke zaune. Da ma'aunin ya haura 5,000 a Fabrairun 2024, mutane na murna, ni waɗannan 510 ɗin nake ninkawa a raina.

Bayan na koma na canza abubuwa. Kuɗin buƙatun wata shida suna asusu daban, ba a taɓa su sai rashin aiki ko rashin lafiya. Duk kuɗin da zan buƙata cikin shekara biyar ba ya shiga hannun jari, komai daɗin kasuwa. Sauran na raba: 70 cikin 100 hannun jari, 30 abin da ba ya tangal-tangal sosai. Sau ɗaya a shekara nake daidaitawa, wato in mayar da rabon 70 da 30 ɗinsa, ko kuma idan rabon ya kauce da maki biyar. Amfanin wannan shi ne yana tilasta maka saye lokacin da ranka ba ya so. Ba na saye da bashi ko kaɗan, domin wanda ya saya da bashi ana iya sayar masa da jarinsa dole a ranar da farashi ya fi lalacewa. Duk wannan na rubuta shi a takarda guda, na sa hannu, don na san mutumin da nake komawa idan kasuwa ta rikice.

A duba kuɗin hidimar asusu ma. Jarin da ke ƙaruwa da 7 cikin 100 a shekara yana ninkuwa sau 7.6 a shekara talatin. In ana cire 1 cikin 100 duk shekara, sau 5.7 ne. Kusan rubu'in dukiyar ya tafi shiru. Shi ma bai kai 510 ɗina ciwo ba, amma ya kusa.

Jarrabawar ta zo a 2020. Daga 19 ga Fabrairu zuwa 23 ga Maris ma'aunin ya faɗi da kusan 34 cikin 100, cikin kwana 33. Cikina ya ɗuri ruwa kamar wancan karon, ba zan ɓoye ba. Na ɗauko takardar, na ga rabon ya kauce, na kwashi wani abu daga 30 ɗin na saya. Zuwa 18 ga Agusta kasuwar ta wuce inda ta faro.

Kada wani ya ɗauka kowace kasuwa haka take dawowa da wuri. Ma'aunin Nasdaq na Amurka, wanda kamfanonin fasaha suka fi yawa a cikinsa, ya yi ƙololuwa a Maris 2000, bai sake kaiwa can ba sai 2015. Ma'aunin Nikkei na Japan ya kai 38,915 a ƙarshen 1989, sai Fabrairun 2024 ya wuce wurin, shekara 34. Shi ya sa yanzu kusan sulusin hannun jarina yana asusun da ya haɗa kamfanonin ƙasashe da yawa, kuma asusun gaba ɗaya sau huɗu kawai nake buɗe shi a shekara. Manhajar dillalin ma na goge ta daga wayata tun 2013.