Laraba: shuɗin dutse mai kusurwa uku

Yau malaminmu ya ajiye mini wata 'yar ƙwayar ma'adini shuɗiya, ba ta kai ƙwayar wake ba, tare da guntun farin dutsen da aka ɓamɓaro ta daga jikinsa. Ya ce in faɗa masa sunanta kafin a tashi.

Duk wanda ya leƙo sai ya ce shuɗin yakutu ne. Ni kam ban cika yarda da launi ba, don ma'adinai da yawa suna sanye da shuɗi iri ɗaya. Sai na fara da tauri. Na ɗauki ɗan tsinin kwatz, wani dutse mai tauri 7 a ma'aunin Mohs, wato ma'aunin taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10, na goga a wani lungu da ba ya nunawa. Ya bar zane siriri. Yakutu yana da tauri 9, kwatz ba ya iya yi masa komai. Ke nan an fitar da shi.

Tanzanayit, wani dutsen ado, ya rage a raina, shi ma shuɗi ne, taurinsa kusan haka. Na auna ƙwayar a iska, na sake aunawa tana rataye cikin ruwa. Nauyinta ya ninka na ruwa kusan sau 3.6, alhali tanzanayit ba ya wuce 3.4.

Inda na fi daɗewa shi ne ƙarƙashin madubin ƙara girma. Siffarta kamar dala biyu masu kusurwa uku aka haɗa gindi da gindi, aka ɗan danne. Wannan siffa ba kasafai ake ganinta ba. In na juya ta ta wani gefe shuɗin ya yi kauri, ta wani gefen kuma sai ya kusan ɓacewa. A jikin farin dutsen, wato naturolayit, akwai wasu baƙaƙen sanduna masu sheƙi, neftunayit ke nan. Nan zuciyata ta fara bugawa da murna, don na san wani shuɗin dutse da ake samu tare da waɗannan biyun.

Muka kashe wuta, na kunna fitilar ultrabayolet mai gajeren zango, wato mai hasken da ido ba ya gani amma yake sa wasu ma'adinai sheƙi. Ƙwayar ta ɗau haske shuɗi garau.

Benitoyit ce: ma'adini daga dangin silikat, mai ɗauke da sinadaran bariyom da titaniyom, wadda aka gano a gundumar San Benito ta jihar Kalifoniya a Amurka a 1907, masanin duwatsu George Louderback ya bayyana ta ga masana, jihar kuma ta ɗauke ta a matsayin dutsenta na ado a 1985. Malam ya gyaɗa kai, ya ce gobe zai kawo mini wanda ba ya haske a duhu, mu ga yadda zan yi.