Kuɗin adaidaita muke nema, ba wani abu ba

Shekara uku kenan da rasuwar ƙanina kuma sai bana bakina ya iya faɗin yadda ya rasu. Lokacin zaman makoki duk wanda ya tambaya "gajeriyar rashin lafiya" muke ce masa, Umma ce ta ce haka za a riƙa faɗa, to amma unguwa ai ba a ɓoye mata magana, kowa ya sani. Sai ka ga mai gaisuwa ya ce ya haƙuri, ya tsaya nan, "Allah ya ji ƙansa" ɗin ta maƙale masa a wuya kamar in ya faɗa zai yi laifi. Wallahi wannan ya fi komai cin ran Umma.

Wani malami abokin Baba ne ya ɗan kwantar mata da hankali, ya ce Hajiya kashe kai babban zunubi ne ba musu, amma bai fitar da mutum daga Musulunci ba, ana yi masa wanka da salla da addu'a, balle wanda ciwo ya taɓa masa tunani, wannan Allah ne ya san halin da yake ciki. Ta ji, ta yi kuka, amma washegari shirun nan ya dawo gidan, ko sunansa ba mai kira.

Ni kuwa barci ya gagare ni har sai da na je asibiti, a nan wata nas ta haɗa ni da wata baiwar Allah da ta rasa mijinta ta irin wannan hanya. Mun yi awa biyu a waya ranar farko, ban taɓa ganinta ba amma duk abin da na fara faɗa ita ke ƙarasa min, har wannan tambayar da ke hana mutum sakat, wai me ya sa ban lura ba. Daga mu biyu abin ya fara. Yanzu duk Asabar bayan la'asar muna haɗuwa a wani ajin islamiyya da aka ara mana, yawanci mata ne, a sha shayi, mai son magana ta yi, wadda ba ta so ta zauna kawai. Mu ba likitoci ba ne fa, in muka ga abin wata ya wuce na hira sai mu raka ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano.

To matsalar kuɗi ce. Akwai masu zuwa daga Ungogo da Kumbotso, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita zuwa da dawowa ya fi ƙarfin bazawara mai yara huɗu, sai kawai ka daina ganinta. Shi ya sa muka yanke shawarar tara taimako kafin 10 ga Satumba, ranar da duniya ta ware don yaƙi da kashe kai. Zoɓo da cincin za mu sayar, sai asusun da muke zagayawa da shi gidajen 'yan uwa.

Neman ba sauƙi gaskiya. In ka ce rijiya ko masallaci ko marayu nan da nan ake zaro kuɗi, amma wannan sai an ɓata fuska, wani kawuna cewa ya yi tonon silili muke yi wa dangi. Ban ga laifinsa sosai ba, a ƙasar da har yanzu wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira kotu za ta iya ɗaure shi shekara ɗaya, wa zai fito ya yi magana? Ghana ta soke irin wannan doka a 2023. Mu a shekarar ne Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma wancan hukuncin yana nan.

Jiya ina ƙirga robobin zoɓo Umma ta shigo ta ajiye min dubu biyar daga kuɗin adashinta, ta ce a rubuta da sunansa. Ta kuma tambaye ni ƙarfe nawa ake zaman na Asabar.