Sikeli kafin ido: yadda nake sayen tsofaffin kuɗin azurfa

Yawancin tsofaffin kuɗin azurfa da ke zuwa hannuna a Marwa da Kusiri, a arewacin Kamaru, daga kayan adon mata suke fitowa: abin wuya, adon kitso, ko abin da aka gada aka kai wa maƙeri ya narkar. Iri biyu ne suka fi yawa, liyarin Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, da faran biyar na Faransa. Jefi-jefi a gamu da maki ɗaya na Jamus, daga zamanin da suka riƙe Kamaru kafin 1916, ko sulen Ingilishi da ya ƙetaro daga Barno.

Ba na duba hoto sai na ɗora a sikeli. Ƙaramin sikelin maƙeran zinariya mai nuna 0.01 na giram ya isa. Liyari sabo giram 28.07 ne, faɗinsa wajen milimita 40, azurfarsa kashi 833 cikin 1000. Faran biyar na da, ko mai kan Luwi Filib ko Nafoliyon na Uku ko mai hoton Hakulis, giram 25 ne, milimita 37, azurfa 900. Maki ɗaya giram 5.56. Wanda ya sha hannu yakan rage rabin giram, ba laifi. Amma in rubutunsa raɗau ne kuma ya gaza da giram ɗaya, ba na saye, don goguwa ba ta cin nauyi ta bar zane.

Maganaɗisu kuwa na ƙarfe kawai yake kamawa. Jabun tagulla da aka yi wa ruwan azurfa zai wuce shi lafiya lau, shi ya sa nake bi da awon ruwa. Sai in ɗora kofin ruwa a sikeli in mayar da shi sifiri, in ɗaure kuɗin da siririn zare in nutsa shi, kada ya taɓa gindi ko gefe. Abin da sikeli ya nuna, da shi zan raba nauyin kuɗin. Liyari na gaske yakan nuna kusan 2.75, amsa ta fito 10.2. Faran biyar 2.43, amsa 10.3. Tagulla ba ta kaiwa 9, dalma ta haura 11. Abin da ke ɓata wannan awo shi ne kumfar iska da ke maƙalewa a huda ko a ƙullin zare, sai ta sa na gaske ya fito kamar jabu. A girgiza zaren kaɗan kafin a karanta.

Daga nan sai gefe. Liyari yana da rubutu mai tudu a bakinsa, IUSTITIA ET CLEMENTIA. Na zubi, wanda aka kwafa a ƙasa ko yashi, gefensa kan zo da layin haɗi ko alamar zarto, fuskarsa da ƙananan ramuka kamar zanzana. In ka ɗora shi a kan yatsa ka ƙwanƙwasa, amonsa gajere ne, na gaske kuwa yana ja.

Inda muka fi jayayya da masu kaya shi ne shekara. Kowa ya ga 1780 a kan liyari sai ya ce kuɗinsa ya haura shekara ɗari biyu. A shekarar Mariya Tareza ta rasu, aka ci gaba da bugawa da wannan lamba ba a canja ba, don 'yan kasuwa daga Bahar Maliya har Kukawa ba sa karɓar wani. Tsakanin 1935 da farkon shekarun 1960 an buga miliyoyi a Rum, Landan, Faris, Burasal, Bombai da Bamingam, kuma har yau ana bugawa a Biyana, babban birnin Ostiriya. Saboda haka liyarin kasuwa kuɗin azurfarsa nake ba shi, da ɗan ƙari in yana da kyau. Wanda ke ɗauke da wata shekara kafin 1780, wannan kam a zauna a yi magana.

Wajen tantance daraja ina bin matakan Faransawa, tunda littattafansu ne a hannunmu. Daga ƙasa zuwa sama: B, wanda ya fi goguwa, sai TB, TTB, SUP, har FDC wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. A liyari ina duban duwatsun kambin kai da na maɓallin kafaɗa, su ne ke fara shafewa. In ana ƙirga su ɗaya-ɗaya, ya kai TTB. A faran biyar gashin kai da ganyen baya nake dubawa, sannan harafin gidan bugu: A na Faris, K na Bodo, BB na Sitirasbur, W na Lil. Shekara da harafi tare suke sa farashi, ba ɗaya kaɗai ba.

Huda ko kunnen da aka liƙa da wuta yana mayar da yawancin kuɗi farashin narkarwa, ko da na SUP ne. Wanki ma haka. Toka, tsamiya, lemon tsami da man goge haƙori suna barin siraran layuka da ba sa ɓuya a gilashin ƙara girma, kuma baƙin da mutane ke ƙyama shi mai tarawa yake biya. Iyakar abin da nake yi, ruwa da sabulu mara ƙarfi, in tsane da tsumma ba gogewa.

Lissafin kuwa ba wuya. Tsantsar azurfa a liyari giram 23.4 ce, a faran biyar 22.5. Farashin duniya a kan oza yake, giram 31.1, yuro ɗaya kuma sefa 655.957 ne. In na fitar da kuɗin giram ɗaya na ranar, sai in ninka da nauyin tsantsar azurfar, in rage abin da huda ta ci. A kula da faran biyar mai hoton mace tana shuka: na 1960 zuwa 1969 giram 12 ne, azurfa 835, amma daga 1970 giram 10 ne kuma babu azurfa ko ƙwaya, alhali zanen ɗaya ne.

Ajiya, kowanne a 'yar ambulan ɗinsa ta takarda, da nauyi da shekara a rubuce. Robar ɗaure kuɗi tana ƙona azurfa ta bar baƙin zobe, leda mai laushi kuma tana fitar da kore mai danƙo, musamman da damina in laima ta shiga ɗaki.