Zaɓen ranar Talata

Yau da azahar ƙanena ya kira ni ta bidiyo daga Amurka. A can gari bai gama wayewa ba, yana tsaye a layin zaɓe sanye da kayan aiki, yana magana yana duba agogo. Na ce masa, "Kai, yau fa Talata ce, zaɓe kuma?" Ya ce, "Yaya, a nan haka ake yi, ina jefa ƙuri'a zan wuce wurin aiki." Tun 1845 dokarsu ta tsayar da Talatar da ke bin Litinin ta farko a Nuwamba, a zamanin da manomi ke shafe yini a kan keken doki kafin ya isa rumfar zaɓe, ga coci ranar Lahadi, ga kasuwa ranar Laraba. Keken dokin ya tafi, ranar tana nan.

Duba agogon nan da yake yi ne ya tsaya mini a rai. Mu namu a Najeriya Asabar ne, a hana zirga-zirga, titi ya yi fayau yara su mayar da shi filin ƙwallo, mu wuni a rumfa har a ƙirga ƙuri'u a gabanmu. 'Yan uwanmu na Maraɗi Lahadi suka saba fita, Birtaniya Alhamis, Indiya kuwa a 2024 sai da ta yi zango bakwai. Har ya katse wayar ina tunanin mutumin da ke bayansa a layi, wanda wataƙila lokacin aikinsa ya cika kafin layi ya zo kansa.