Kalmar ocean da yadda na mayar da ita Hausa

Babin da na fassara daga littafin labarin ƙasa yana magana ne kan ruwan gishirin da ya rufe kusan kashi 71 cikin ɗari na doron duniya. Kalmomi biyu suka tsayar da aikin, ocean da sea. Ƙamus ya ba ni teku a duka biyun, alhali marubucin ya ɓata shafi guda yana bambanta su. Dole na koma tushen kowace.

Ocean baƙuwa ce a Turanci. Asalinta Okeanos na Girkanci. Mutanen Girka na dā sun ɗauka ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, wani ƙaton kogi ya kewaye bakinta, shi ne Okeanos, har suka lissafa shi cikin abubuwan bautarsu. Da sunan suke bambanta ruwan waje, wanda ba su san iyakarsa ba, da Bahar Rum da jiragensu ke ratsawa kullum. Latin ta karɓi kalmar a matsayin oceanus, ta bi ta tsohon Faransanci, ta shiga Turanci wajajen shekarar 1300. An daɗe ana haɗa su a ce ocean sea, kuma da wannan haɗin ne Turanci ke fassara sarautar shugaban jiragen ruwa da Sifaniya ta ba matuƙin jirgin ruwa Christopher Columbus a 1492. Wanda ya yi karatun Larabci zai gane hoton kogin da ya kewaye ƙasa nan take, domin muhiɗ da Larabawa ke kiran ocean ma'anarsa mai kewayewa.

Sea kuwa 'yar gida ce, tun tsohon Turanci take, kuma danginta ba su taɓa tsayawa kan ruwan gishiri kaɗai ba. A Jamusanci See kan nufi tafki, kan kuma nufi teku, gwargwadon jinsin da aka ba kalmar. Haka a Turanci Caspian Sea da Dead Sea tafkuna ne da ƙasa ta zagaye su, kamar Tafkin Chadi, sai dai ruwansu na da gishiri.

Ga yadda na tafiyar da aikin. Na shimfiɗa taswira kusa da ƙamus, duk ruwan da aka ambata sai na gan shi da idona kafin in zaɓa masa suna. Inda ocean ta zo cikin suna, teku kawai na sa: Tekun Pasifik, Tekun Atlantika, Tekun Indiya. Inda marubucin ke gwada kalmomin biyu, na kira ocean babban teku, sea kuma yankin teku da ƙasa ta kusa rufewa. Inda Hausa ta riga ta raɗa suna ban taɓa shi ba. A zubin farko na rubuta Jan Teku don Red Sea, daga baya na goge, domin duk mahajjacin da ya sauka Jidda Bahar Maliya ya sani.

Adadin ma sai an lura. Tsofaffin littattafai huɗu suke lissafawa, wato waɗancan uku da Tekun Aktik na ƙuryar arewa. Sababbi sun ƙara Tekun Kudu, ruwan da ya kewaye Antaktika daga digiri 60 zuwa kudu, wanda ƙungiyar nazarin labarin ƙasa ta Amurka, National Geographic, ta fara sanyawa a taswirorinta a 2021. In littafi ya ce huɗu, a duba shekarar buga shi kafin a ce ya yi kuskure.

Inda na fi yin tuntuɓe shi ne ɗaukar cewa ocean kullum babba ce, sea kullum ƙarama. Ba'amurke zai ce ya kai yara ocean, mutumin Ingila ya ce sea, dukansu bakin teku suke nufi, inda ake wasa da yashi. In aka sa babban teku a nan, maganar ta yi nauyi ba dalili. Sannan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 kan dokar teku sea ta yi amfani da ita a sunanta, ga shi kuwa ta shafi dukan manyan tekuna. Ita ce ta ba ƙasa mil 12 na ruwa daga gaɓarta a matsayin mallakinta, da mil 200 na haƙƙin kamun kifi da haƙar mai.

Karin magana ma ba ya bin ƙamus. A drop in the ocean, in aka ce ɗigo cikin teku za a fahimta, amma Bahaushe cewa yake yi abin cikin cokali ne, kuma shi na sa. Ga mai koyarwa a aji, harafin c na ocean sautin sh yake bayarwa, a ce oshan. Ɗalibai da yawa osiyan suke karantawa saboda suna bin rubutun, don haka na rubuta lafazin a gefen shafi, wurin da kalmar ta fara fitowa.