Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Lakar Ƙasan Teku

Jama'a, assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya ne a saukata Bremen, ƙasar Jamus. Sashen da aka kai ni yana da wani katafaren ɗakin sanyi, digiri 4 dare da rana, kantoci har sama cike da laka. Jiragen haƙa irin su JOIDES Resolution ne suka zaro ta daga ƙasan tekun Atlantika cikin dogayen bututu, aka yanka mita ɗaya da rabi-rabi, aka tsaga kowanne gida biyu: rabi na aiki, rabi na ajiya.

Ina shiga maganar Baffa ta faɗo mini. Ranar da na je sallama, a zaure, gaban mutane, ya dubi Abba ya ce, "Yaya, 'ya'yan mutane likitanci suke karantowa, naka laka? Ai ga ta nan a kududdufin bayan gida." Aka yi dariya. Abba bai ce uffan ba, kuma shirun nan nasa ya fi maganar ci mini rai.

To bari ku ji abin da ke cikin lakar da Baffa ya raina. Ƙura da ɓurɓushin duwatsu suna sauka ƙasan teku a hankali, a wasu wuraren 'yan santimita kaɗan a shekara dubu. A cikinsu akwai ƙwayoyin ƙarfe masu maganaɗisu, ido ba ya ganinsu. Kowace ƙwaya tana juyawa ta fuskanci inda maganaɗisun duniya ya nuna a lokacin, kamar allurar kamfas. Da wata lakar ta hau ta danne, shi ke nan ta daskare a haka.

Aikina shi ne in riƙa danna 'yan akwatunan roba cikin lakar, kowanne da kibiya mai nuna sama, in kai na'ura ta auna. Yatsu su ƙage don sanyi. Muna gangarawa ƙasa alkaluma suna tafiya iri ɗaya, sai a wani gurbi suka birkice, daga nan zuwa ƙasa duk suka koma akasi. Malamata ta ɗora yatsa a wurin ta ce nan ne shekara kusan 780,000 baya, lokacin da maganaɗisun duniya ya yi juyinsa na ƙarshe. Kafin nan, allurar da ke nuna arewa kudu za ta nuna. Bernard Brunhes ya fara ganin alamar a duwatsun Faransa a 1906, Motonori Matuyama na Japan ya ƙarfafa ta a 1929, shi ya sa iyakar nan, wato gurbin da alkaluma suka birkice, take ɗauke da sunayensu. Lakar kududdufi, Baffa?

Da na gaya wa Inna a waya, tambayarta ɗaya: "To alƙibla fa, ɗan nan?" Na ce Inna, Ka'aba tana inda take, rana ma gabas take fitowa, allura ce kawai ke juyawa. Ta ce Alhamdulillahi, Allah ya yi albarka. Ita kaɗai ce a gidanmu ta taɓa tambayata abin da nake karantawa. Ko a 2020 da aka ayyana wata gaɓar kogi a Chiba ta Japan a matsayin ma'aunin duniya baki ɗaya na zamanin da ya fara daga wancan juyin, ita na so in kira, amma ta riga mu gidan gaskiya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda aka ɗaura auren Yaya Babba ba a sanar da ni ba.