Katin girafik kaɗai ba ya sa Amiga gudu

Masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci suna da wata magana, da zarar hoto ya daɗe bai buɗe ba sai ka ji an ce ai katin girafik ɗin ne ba shi da kyau. Ni dai gaskiya ban yarda da maganar nan duka ba, balle in ana batun Amiga ta kamfanin Commodore, wadda ni har gobe ina ganin girmanta.

Amiga 500 ta fito a 1987, firosesarta Motorola 68000 ce mai gudun megahaz 7 da 'yan kai, tana nuna kala 32 daga cikin 4096, in kuma aka sa ta a wani tsarin nuna kala na musamman da ake kira HAM sai ta nuna 4096 ɗin duka, wanda a lokacin ba ƙaramin abu ba ne wallahi. Hotunanta na IFF, wato tsarin ajiye hoto na Amiga, kuwa ba sa wani ɓata lokaci, don yadda aka jera su falle-falle a fayil kusan haka ita ma take jera su a memori, ɗauka kawai za ta yi ta ɗora a sikirin.

Matsalar ta taso ne da JPEG ya shigo a 1992. Shi JPEG a matse yake, sai an yi lissafi mai yawan gaske kafin a warware shi, kuma firosesa ce ke wannan aikin ba kati ba, to bayan ta gama warwarewa sai ta tarar da kala miliyan 16 da wani abu alhali sikirin ba zai ɗauka ba, dole ta zauna ta rage kalolin ta yayyafa ɗigo-ɗigo don ido ya ga kamar suna nan, sannan ta sake juya komai zuwa fallayen nan da Amiga ta sani. Aiki uku kenan a kan abu ɗaya. Ko Amiga 1200 da ta zo a shekarar da kala 256 da firosesa mai megahaz 14 ba ta tsira ba.

A nan ne kati yake da rana. Irin su Picasso II na Village Tronic, da CyberVision 64 na Phase5, in ka soka su a ramin sa kati da ake kira Zorro na manyan Amiga kamar 3000 ko 4000, suna karɓar kalolin yadda suke, babu ragewa babu juyawa. Aiki biyu ya faɗi, hoton ya fito tas, fuskar mutum ta daina yin dabbare-dabbare. Amma fa warwarewar tana nan daram, mai ƙaramar firosesa sai ya jira ko da wane kati ya sa.

Akwai kuma abin da ake mantawa, memorin da ake kira Chip RAM, firosesa da ɓangaren hoto tare suke amfani da shi kamar mutum biyu a rijiya da guga ɗaya, shi ya sa ƙara Fast RAM, wato memorin da firosesa kaɗai ke amfani da shi, kawai yake sa 1200 ta farfaɗo sosai. Don haka ni in mutum ya tambaye ni, kuma kuɗinsa na abu ɗaya ne, ina ce masa ya fara da katin ƙarin gudu mai firosesa 68030 ko 68060 da memori a jikinsa, katin girafik ya biyo baya.